Addu'a a Tsakiyar Hidimomi: Jagora ga Kiristan da Lokaci Ya Yi wa Kaɗan

Babi na fari na Bisharar Markus ya nuna mana wuni guda a rayuwar Yesu, tun daga safe har dare. Ranar Asabar ce a Kafarnahum. Ya koyar a majami'a, ya fitar da baƙin aljani daga jikin wani mutum, ya shiga gidan Siman Bitrus ya tarar da surukarsa kwance da zazzaɓi, ya kama hannunta ya tashe ta. Rana na faɗuwa, mutanen gari suka yi cincirindo a bakin ƙofa da marasa lafiyarsu. Duk wanda ya yi irin wannan wuni, ba mai ganin laifinsa in ya makara washegari. Amma aya ta 35 ta ce tun da asussuba, gari bai waye ba, ya tashi ya fita zuwa wurin da ba kowa, yana addu'a a can. Da Siman da abokansa suka same shi suna cewa kowa na nemansa, sai ya ce su zo su tafi garuruwan da ke kusa ya yi wa'azi a can ma. Ya fito daga addu'a ya riga ya san abin da zai yi da wuninsa, da abin da zai bari.

Akasarin masu bin da addu'arsu ta yi sanyi ba su daina gaskatawa da Allah ba. Sun dai ajiye addu'a cikin abubuwan da za a yi "in an samu sarari", sarari kuwa ba ya zuwa. Aiki, 'ya'ya, karatu, hanya, hidimar ikilisiya, kowanne yana da mai tuna maka, ko mai fushi in ka yi sakaci. Addu'a kaɗai ce ba mai buga maka waya a kanta. Shi ya sa duk abin da ke tafe ya tsaya a kan tushe guda: ɗan lokaci kaɗan, tsayayye, wanda za ka iya riƙewa ko a ranar da ta fi kowace wuya. Sauran duk a kansa ake ɗorawa. Za a yi ta cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, maganar taki ce ke ma.

Fara da duba inda wuninka yake tafiya

Kafin ka ɗauki wani alkawari, ka yi kwana uku kana rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, me ka fara taɓawa da ka buɗe ido, da kuma wuraren da ka zauna kana jira. Yawancin wayoyin zamani suna da wurin da ke nuna awa nawa ka yi kana kallon fuskar wayar a rana. Ka buɗe ka gani. A wuni da kwana akwai minti 1,440. Minti 15 kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Da shi za mu fara.

Kada ka fara da awa guda. Wanda ya dawo daga taron farkawa zuciyarsa na ci, ya sa agogo ƙarfe huɗu na asuba alhali bai canja lokacin kwanciyarsa ba, da wuya ya kai mako. Jiki yakan karɓi bashin barcinsa, kunya ta biyo baya, daga nan a watsar da abin gaba ɗaya. Minti 15 na wata shida sun fi awa guda ta kwana huɗu gina mutum.

Lokacin da za ka tsayar

Ka zaɓi lokaci guda, ka ɗaure shi a jikin wani abu da kake yi kullum ba fashi. "Zan yi addu'a da safe" magana ce sakakkiya. "Da na wanke fuska, kafin in taɓa waya, zan zauna a bakin gado" ita ce mai kama ƙasa, domin wanke fuskar da kansa zai riƙa tuna maka.

Safiya ta fi dacewa da yawancin mutane saboda dalili mai sauƙi: bukatun jama'a ba su farka ba tukuna. Zabura 5:3 ma da safe mai zabura yake shirya roƙonsa a gaban Ubangiji, ya zuba ido. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai kafa doka a kan sa'a ba. Bitrus ya hau kan soro da tsakar rana (Ayyukan Manzanni 10:9), shi da Yahaya sun tafi Haikali ƙarfe uku na yamma (3:1), Bulus da Sila kuwa da tsakar dare suke addu'a a kurkuku (16:25). Mai aikin dare, safiyarsa ita ce lokacin da ya farka, ko da la'asar ne. Uwa mai goyo wadda jariri ke tsara mata dare, ta ɗaure addu'arta da shayarwar farko ko barcin jariri na hantsi. Mai doguwar hanya zuwa wurin aiki, in ba shi ke tuƙi ba, kujerar mota ta isa. Abin nema shi ne lokacin da hankalinka yake a farke, kuma wanda ba a cika ƙwace maka shi ba.

Daniyel misali ne da ya dace da ma'aikaci. Yana cikin manyan hakimai uku da ke lura da masu mulki 120 na daular Dariyus. Duk da haka sau uku a rana yakan hau bene, tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa. Da aka kafa dokar hana roƙon kowa sai sarki na kwana 30, Daniyel 6:10 ta ce ya ci gaba kamar yadda ya saba. Sabon nan ne ya riƙe shi. Ba ranar haɗari ya ƙirƙiro al'adar ba.

In safiya ka zaɓa, aikin yana farawa tun daren jiya. Ka kwanta minti 15 kafin lokacin da ka saba. Ka ajiye Littafi Mai Tsarki a buɗe a shafin da za ka karanta, biro da littafin rubutu a kai. A 1535 Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa, wani mai suna Bitrus, wata doguwar wasiƙa a kan yadda ake addu'a. A ciki ya gargaɗe shi game da tunanin nan mai cewa bari in gama wannan tukuna, nan da awa ɗaya sai in yi addu'a, domin da haka harkoki ke janye mutum har rana ta faɗi bai yi ba. Shekara kusan 500 ke nan, tarkon bai canja ba.

Wuri, jiki da waya

Yesu ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa (Matiyu 6:6). Ba kowa ke da ɗakin kansa ba. Wanda ke kwana da mutum biyar a ɗaki ɗaya zai iya samun kujera a lungu, ko matakalar bene, ko ya isa wurin aiki minti 15 kafin kowa. Wurin ya zama guda kullum, domin jiki yakan saba, da ka zauna a nan hankali ya san abin da aka zo yi. Ka gaya wa mutanen gida a fili: daga ƙarfe kaza zuwa kaza ina addu'a. Yara sukan koyi girmama wannan da sauri fiye da yadda ake zato, kuma ganinka a durƙushe darasi ne gare su.

Kada ka yi addu'ar safe a kwance cikin bargo. Ka zauna sosai, ko ka durƙusa, ko ka tsaya. Ka riƙa furta kalmomin da leɓunanka ko da murya ba ta fita, kamar Hannatu a 1 Sama'ila 1:13. Addu'ar da ake yi a zuci zalla ta fi saurin narkewa ta koma tunane-tunane.

Ita kuwa waya, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Littafi Mai Tsarki na cikin waya yana da amfani a hanya, amma a lokacin keɓewarka na takarda ya fi. Saƙo ɗaya da ya faɗo a saman fuskar waya ya isa ya tafi da hankalinka, ko ba ka buɗe shi ba. In dole sai wayar, ka kashe intanet tun da dare, kada ka kunna sai ka ce amin.

Abin da za ka yi cikin minti 15 ɗin

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Sun zauna, sun rufe ido, bayan minti biyu magana ta ƙare, sai maimaita "Ubangiji ka taimake ni". Ba abin kunya ba ne. Almajirai da kansu sun ce wa Yesu ya koya musu addu'a (Luka 11:1). Ga tsarin da zai riƙe ka a watannin farko.

Minti ɗaya na fari, ka yi shiru. Ka sauke numfashi, ka tuna gaban wanda ka zo, da kuma cewa ta wurin Almasihu an ba ka izinin matsowa gaba gaɗi (Ibraniyawa 4:16).

Minti huɗu na biye, karatu. Aya 10 zuwa 12 sun isa. Ka bi littafi guda a jere, kada ka riƙa buɗe duk inda hannu ya faɗa. Markus wuri ne mai kyau na farawa: babi 16 ne, da wannan tafiya za ka gama cikin kimanin wata biyu. Ka karanta sau biyu, na biyun a hankali, ka ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya da ta tsaya maka.

Dalilin sa karatu gaba da roƙo yana da muhimmanci. Joj Mula, wanda ya riƙe dubban marayu a Biristol ta Ingila, ya bayyana cewa shekaru da dama yakan faɗa addu'a kai tsaye da ya tashi, ya kwashe kwata ko rabin awa hankalinsa na yawo kafin ya fara addu'ar gaske. A 1841 ya juya tsarin, ya fara da bimbini a kan Sabon Alkawari, sai ya ga ayar da kanta tana juyewa ta zama furci, ko godiya, ko roƙo. Allah ne ya fara magana, addu'armu amsa ce. Mai amsawa ba ya rasa abin faɗa kamar mai neman buɗe zance.

Yaya ake mai da aya addu'a? Luta ya koya wa wanzaminsa ya yi wa kowane nassi tambaya huɗu, kamar igiya mai tufka huɗu: me yake koya mini, me zan gode a kai, wane zunubi ya tona, me zan roƙa. Ɗauki 1 Bitrus 5:7, inda aka ce mu zuba masa dukan damuwarmu domin yana kula da mu. Koyarwar ita ce Allah bai raina damuwata ba. Godiyar: "Na gode, ya Uba, da ka san zancen bashin nan tun kafin in buɗe baki." Furcin: "Na kwana uku ina juya shi ni kaɗai kamar ba ni da Uba, ka gafarta mini." Roƙon: "Ka buɗe hanya, ka kuma ba ni ƙarfin halin faɗa wa mai bina gaskiya yau." Aya ɗaya ta ba ka addu'ar minti biyar, kuma ba irin ta jiya ba.

Sauran minti goman ka raba su haka: biyu na yabo da godiya, biyu na furta zunubi, biyar na roƙo, ɗaya na miƙa wunin. A wajen godiya ka ambaci abu uku na jiya da sunansu. A wajen furci ma haka. "Ka gafarta mana zunubanmu masu yawa" ba ta taɓa zuciya. "Na yi wa matata tsawa a gaban yara, na kuma ƙara gishiri a labarin da na ba shugabana" ita ce furci. Da ka faɗa, ka karɓi alkawarin 1 Yahaya 1:9 ka wuce, kada ka zauna kana dukan kanka. A minti na ƙarshe ka bi wunin da ke gabanka sa'a sa'a: taron ƙarfe goma, mutumin da kake fargabar haɗuwa da shi, shawarar da za ka yanke. Ka sa kowanne a hannun Ubangiji.

Ba sai ka sa agogo a gaba kana ƙirga mintoci ba. Rabon don ya hana roƙo cinye komai ne. Ranar da aya ɗaya ta kama ka har lokaci ya ƙare a kanta, ka bar ta ta kama ka.

Akwai taska biyu kuma ga ranar da bakinka ya bushe. Ta farko Addu'ar Ubangiji ce (Matiyu 6:9-13). Ka ɗauke ta gaɓa gaɓa, ka tsaya bayan kowace ka cika ta da naka. "A tsarkake sunanka": a wurin aikina, cikin yadda nake magana. "Ka ba mu abincin yau": sai ka ambaci bukatun gidanka, da na wanda ka san ba shi da shi. Ta biyu Zabura ce. Guda 150 ne. Ɗaya a rana zai kai ka wata biyar. Mai son gamawa a wata sai ya ɗauki kwanan wata ya yi ta ƙara 30: ran 7 ga wata ya karanta 7, 37, 67, 97 da 127, ya ajiye ta 119 mai aya 176 don ran 31. Tun ƙarni na shida dokar da wani shugaban masu zaman zuhudu mai suna Benedik ya rubuta ta sa su rera Zabura duka kowane mako. Mai aiki ba zai iya wannan ba, amma dalilinsu ya shafe shi: Zabura tana ba mutum kalmomin fushi, tsoro, tuba da murna waɗanda shi da kansa ba zai yi ƙarfin halin faɗa wa Allah ba.

Yi wa wasu addu'a ba tare da nauyin ya danne ka ba

Sau nawa muke ce wa mutum "zan sa ka a addu'a" mu manta? Maganinsa biyu ne. In hali ya yi, ka yi masa nan take, jimla biyu, ko a waya ne. In bai yi ba, ka rubuta sunan kafin ka bar wurin.

Jerin sunaye kan yi tsawo har ya zama kaya. Ka raba shi. Na kullum kada su wuce mutum biyar ko shida: iyalinka da wanda ke cikin matsananciyar bukata yanzu. Sauran ka watsa su cikin mako: Litinin abokan aiki, Talata dangi, Laraba fasto da ikilisiya, Alhamis waɗanda ba su san Almasihu ba, Juma'a shugabanni da masu mulki kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta, Asabar marasa lafiya da masu shan tsanani, Lahadi godiya zalla. Ka sa wanda ya ɓata maka rai a ɗaya daga cikin ranakun, da sunansa (Matiyu 5:44). Da wuya ka yi wata guda kana roƙa wa mutum alheri ƙiyayyarsa ta zauna daram a zuciyarka.

A littafin rubutunka ka ja layi uku: kwanan wata, abin da ka roƙa, abin da ya faru. Ka roƙi abin da za ka iya ganewa in an amsa. A ƙarshen kowane wata ka koma baya ka karanta. Mutum mai mantuwa ne, yakan roƙa da kuka, a ba shi, ya wuce bai lura ba. Sama'ila dutse ya kafa ya kira shi Ebenezer don kada a manta da taimakon Ubangiji (1 Sama'ila 7:12). Shafin nan shi ne dutsenka.

Sauran sa'o'in wuni

Bulus ya ce a yi ta addu'a ba fasawa (1 Tasalonikawa 5:17), ya kuma faɗi haka ga mutanen da yake umarta su yi aiki da hannuwansu. Ke nan yana nufin abin da zai yiwu a tsakiyar aiki. Nehemiya ya nuna yadda ake yi. Yana riƙe da ƙoƙon sarki Artashate, sarki ya tambaye shi abin da yake so, tsakanin tambaya da amsa ya yi addu'a ga Allah na Sama (Nehemiya 2:4). Bai wuce numfashi ɗaya ba. Amma ka duba babi na 1: daga watan Kisle zuwa Nisan (2:1) na kalandar Yahudawa, kimanin wata huɗu, yana azumi da addu'a a kan maganar rushewar garun Urushalima. Gajeriyar addu'a daga rijiyar doguwa take ɗiba. Wanda ya ce shi ai kullum cikin addu'a yake a zuci don haka ba ya bukatar keɓewa, yawanci bayan 'yan watanni ba ya yin ko ɗaya.

Wajen shekara ta 412 Agustin, wani bishop a Arewacin Afirka, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Furoba cewa 'yan'uwa a Masar sukan yi addu'o'i gajeru ƙwarai, akai-akai, kamar ana jifa da mashi, don kada hankali ya dushe. Ka haddace uku ko huɗu irin waɗannan daga Nassi. "Ubangiji, ka cece ni," ta Bitrus a kan ruwa (Matiyu 14:30). "Ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi" (Luka 18:13). "Na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata" (Markus 9:24). Sa'an nan ka ɗaure su da abubuwan da ke maimaituwa: kafin ka ɗaga kiran da ka san zai yi zafi, sa'ad da ka sa hannu a ƙofar wurin aiki, cikin layi, cikin cunkoson motoci, lokacin wanke-wanke. Ka fara da guda biyu kawai. Ɗan'uwa Lorens, wanda ya rasu a 1691, ya yi shekara 15 yana aikin madafa a wani gidan zuhudu a Faris ta Faransa, aikin da ba ya so a ɗabi'arsa, a nan kuwa ya koyi zance da Allah tsakanin tukwane. Ba a rana ɗaya ya kai ga haka ba. Duk sa'ad da ya lura hankalinsa ya tafi, yakan dawo da shi ba tare da tashin hankali ba.

Da tsakar rana ka tsaya minti biyu. Wani tsohon littafin koyarwar ikilisiyar farko, Didake, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Yin ta a natse bai kai minti ɗaya ba, ta kuwa isa ta karya gudun wunin.

Da dare minti biyar, kafin ka hau gado. Iginashiyus na Loyola ya tsara wannan binciken zuciya a ƙarni na 16, Kiristoci na ɗarikoki dabam-dabam suna amfani da shi har yau. Ka gode, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya haskaka maka, ka bi wunin daga safe kana duba inda ka ga alherin Allah da inda ka kauce, ka nemi gafara, ka miƙa gobe. Ka rufe da Zabura 4:8 ko 139:23-24.

Inda abin yakan lalace, da dalili

Yawon hankali shi ne na farko. Da ka yi shiru, duk abin da ka manta sai ya taso: kuɗin da ba ka biya ba, saƙon da ba ka amsa ba. Ƙwaƙwalwa tana tsoron kada ta sake mantawa ne. Ka ajiye takarda a gefe, ka rubuta abin da kalma biyu, ka koma. In tunani guda ya dawo sau uku, wataƙila shi ne abin da ya kamata ka yi addu'a a kai. Luta ya ba wanzaminsa misali da sana'arsa: mai aski in yana surutu yana kallon wani wuri, zai yanki mutum. Taura biyu ba ta taunuwa, shi ya sa addu'ar keɓewa ba a haɗa ta da wani aiki.

Barci na biyu. Almajirai uku sun yi barci a Getsamani, Yesu ya ce ruhu ya yarda amma jiki rarrauna ne (Matiyu 26:41). In kana gyangyaɗi kullum, matsalar a lokacin kwanciyarka take. Ka gyara shi, ka wanke fuska, ka yi addu'a a tsaye ko kana tafiya.

Sai bushewar zuciya, ranakun da kake ji kamar maganarka ba ta wuce rufin ɗaki. Da farko ka bincika ko akwai dalili. Zunubin da ka riƙe ka ƙi saki (Zabura 66:18), gabar da ba ka warware ba (Matiyu 5:23-24, Markus 11:25), ko yadda kake zama da matarka, wanda 1 Bitrus 3:7 ta ce yana iya toshe addu'a. In ka samu, ka tashi ka gyara, ko da kiran waya ne mai nauyi. In ka duba ba ka ga komai ba, kada ka ƙirƙiro wa kanka laifi. Bushewa tana zuwa wa masu aminci ma. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, an kuwa bar ta cikin Littafi Mai Tsarki don irin wannan rana. Ka ci gaba da zuwa, ka karanta Zabura 13, 42 ko 88 da murya, ka dogara ga Romawa 8:26, cewa Ruhu da kansa yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin faɗa ba. Wani lokaci kuma gajiya ce tsagwaronta. Da Iliya ya faɗi a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, abinci da barci aka fara ba shi kafin Ubangiji ya yi masa magana (1 Sarakuna 19). In nauyin zuciya ya ɗauki makonni, ya hana ka ci da barci da aiki, ka gaya wa fastonka, ka kuma ga likita.

Fashi zai faru. Abin da ke kashe al'adar shi ne abin da ke biyo bayan fashin: kunya, da niyyar ramawa da awa biyu ran Asabar, wadda ba ta zuwa. Ba bashi ake binka ba. Jinƙansa sabo ne kowace safiya (Makoki 3:22-23). Ka koma washegari daga ayar da ka tsaya. Ka kuma tanadi ƙaramin tsari na ranar da komai ya rikice, minti uku: Zabura 23 ko 121, Addu'ar Ubangiji, sunayen mutanen gidanka. Da babu gara ba daɗi, kuma igiyar ba ta tsinke ba.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu himma. Mawaƙi, malamin makarantar Lahadi, dattijon ikilisiya, kowane dare yana wurin taro, yana jagorar addu'a a gaban jama'a, amma ya yi wata bai durƙusa shi kaɗai ba. Marta ma hidimar Yesu take yi sa'ad da ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa (Luka 10:38-42). Shirya wa'azi ko darasi aiki ne, ka ware shi daga lokacin keɓewarka. Haka kuma sauraron addu'ar wani a intanet kana cewa amin yana iya ƙarfafa ka, amma bai maye gurbin buɗe bakinka ga Ubanka ba. In hidimomin ikilisiya ne suka cinye lokacin, ka ajiye ɗaya.

Game da roƙon da aka daɗe ba a ga amsa ba: Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙali don kada a karai (Luka 18:1-8), Yakubu 4:3 ta ce a binciki manufar roƙon, Bulus kuwa sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). Ka bar roƙon a littafinka, ka rubuta a gefensa abin da yake canjawa a cikinka yayin jiran.

Bayan mako shida

In ka riƙe minti 15 na mako shida, ko da fashin kwana ɗaya ko biyu a mako, sai ka ƙara minti biyar, a wajen karatu ko shiru. Kada ka ƙara kafin nan. Ka nemi mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, ko abokin aurenka, ku riƙa haɗuwa ko kiran juna minti goma a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambaya biyu ta isa: kwana nawa ka samu keɓewa a makon nan, me zan roƙa maka? Sa'an nan ku yi addu'ar a take, kada hirar ta cinye lokacin.

Sau ɗaya a wata ka ware awa guda a ranar hutunka, ka bar waya a wani ɗaki. Minti 20 ka karanta gajeriyar wasiƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar Filibiyawa ko Kolosiyawa, kowace babi huɗu ce. Minti 10 ka bi shafukan littafinka na watan da ya wuce kana godiya. Minti 20 ka yi roƙo a kan manyan al'amuran da minti biyar na kullum ba sa ɗauka: aure, aiki, makomar yara, shawarar da ke gabanka. Minti 10 na ƙarshe ka yi shiru da biro a hannu, ka rubuta abin da ya kamata ka yi, ka auna shi da Nassi, in babba ne ka kai wa wani dattijo cikin bangaskiya kafin ka ɗauki mataki. Kafin ka tashi, ka duba kalandar wata mai zuwa ka sa ranar da za ka sake zama.